Faɗuwar Gaba a Lokacin Rage Maganin Siteroyid: Yadda Za Ka Kula da Zuciyarka

Mutumin da ya yi wata uku ko shida yana shan prednisolone, likita ya fara rage masa ƙwayoyin, sai wani dare ya ji ƙirjinsa na lugude, ko zuciyar ta buga ta ɗan tsaya sannan ta dawo da ƙarfi, tunani biyu ne ke fara zuwa masa. Ko dai ya ce maganin nan ne zai hallaka ni, ya watsar da shi gaba ɗaya, ko kuma ya ce ragin ne bai karɓe ni ba, ya koma kan adadin da ya baro ba tare da ya gaya wa kowa ba. Duka biyun kuskure ne, amma na farkon shi ne ke kai mutum kushewa.

Rikicewar bugun zuciya a wannan lokaci tana da dalilai da yawa, wasu ma suna karo da juna. Wani nasa daga yawan maganin ne, wani kuma daga ƙarancinsa, kuma abin da su biyun ke ji a ƙirji iri ɗaya ne. Ana rarrabewa ne ta hanyar ƙirga bugun jijiya, da awon hawan jini, da gwajin gishirin da ke cikin jini, da takardar awon lantarkin zuciya, wato ECG. Kafin a gano, adadin da likita ya rubuta maka na yau shi za ka sha. Zan rubuta sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali, domin ka duba ka gane naka.

Dalilin da ya sa ba a yanke shi lokaci ɗaya

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙulli da likitoci ke kira adirenal. Shi ke samar da sinadarin kotisol, wanda ke riƙe ƙarfin jini a jijiyoyi, ya hana suga faɗuwa idan an daɗe ba a ci abinci ba, ya kuma tallafi jiki a lokacin zazzaɓi, rauni, tiyata ko naƙuda. Da asuba yake fitowa da yawa, ya yi ta raguwa har tsakar dare. Abin da jikin baligi ke samarwa a yini bai wuce kwatankwacin miligiram 5 na prednisolone ba, ko ɗan sama ko ɗan ƙasa. Ƙwaya ɗaya ke nan daga irin waɗanda ake sayarwa a kemis. Wanda aka ɗora a kan miligiram 40 kuwa yana shan wajen ninki takwas.

Prednisolone, dexamethasone, hydrocortisone da methylprednisolone duk dangin kotisol ne, su ake kira siteroyid. Tun 1948, da wani likita mai suna Philip Hench ya jarraba cortisone a kan wata mai fama da amosanin gaɓoɓi a asibitin Mayo da ke Amurka, ta miƙe cikin 'yan kwanaki, magungunan nan suke ceton rai: masu asma, masu cutar lufus, yaran da ƙodarsu ke zubar da furotin har su kumbura, waɗanda tarin fuka ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Ba magani ne abin ƙyama ba. Sai dai yana da sharaɗi.

Idan ƙwaƙwalwa ta ga jini cike da siteroyid daga waje, sai ta daina aika wa adirenal umarnin yin nasa. Kamar gidan da ake aiko wa da abinci safe da yamma ne, har suka bar murhunsu ya huce, itacen ya jiƙe. Ranar da aka yanke aiken ba zato, ba a ranar za su iya dafa tuwo ba. Wanda ya sha maganin ƙasa da mako uku zuwa huɗu, galibi adirenal ɗinsa bai kai ga kwanciya ba, ana iya tsayar masa kai tsaye. Wanda ya haura haka, farfaɗowar na iya ɗaukar watanni, wani har shekara ko fiye. Ragi a hankali shi ke ba jiki wannan lokaci.

A nan dole in yi magana da waɗanda suke shan siteroyid ba su san suna sha ba, domin suna da yawa a garuruwanmu. Ƙwayoyin ƙiba da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, da yawansu dexamethasone ne. Haɗin da wasu masu kemis ke ƙullawa a leda don ciwon gwiwa da ciwon baya, sau da yawa akwai prednisolone a ciki. Mayukan bilicin masu ɗauke da clobetasol ko betamethasone, idan aka shekara ana mulke jiki da su, fata na tsotse abin da ya isa ya kwantar da adirenal. Haka allurar triamcinolone da wasu ke maimaitawa don ƙaiƙayi ko mura. Dexamethasone kuwa ƙaramin sa ma babba ne: miligiram 0.75 nasa daidai yake da miligiram 5 na prednisolone, saboda haka ƙananan ƙwayoyi uku masu 0.5 sun kai miligiram 10. 'Yar'uwa, idan kin yanke shawarar rabuwa da waɗannan, Allah ya ƙarfafa miki gwiwa, shawara ce mai kyau. Amma ki ɗauki kwalin ko kwalbar ki kai wa likita, ki faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina amfani da shi, shi ya tsara miki saukar. Wadda ta yanke a dare ɗaya an gudu ne ba a tsira ba.

Inda zuciya ta shigo

Matuƙar adadin da kake sha yana sama, siteroyid na sa ƙoda ta riƙe sodiyom da ruwa, ta zubar da fotasiyom a fitsari. Jini ya hau, suga ya hau, barci ya ƙaurace, mutum ya riƙa jin kansa a tsaye ƙyam kamar wanda aka tsorata. Zuciya kuwa da lantarki take aiki, kuma fotasiyom da magniziyom su ke daidaita wannan lantarkin. Da zarar sun yi ƙasa, sai bugu na ƙari ya riƙa kutsowa inda ba wurinsa ba. Wani bincike da aka buga a 2009, wanda ya duba dubban majinyata a arewacin ƙasar Denmak, ya gano cewa masu shan siteroyid sun kusa ninka waɗanda ba sa sha wajen kamuwa da karkarwar ɗakunan saman zuciya, cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da AF. Ka lura, wanda aka rage masa daga miligiram 60 zuwa 30 har yanzu yana cikin wannan sahu, ko da yake shi yana ganin yana kan ragi.

Da adadin ya gangaro kusa da miligiram 5 zuwa 7, sai labarin ya juya. Idan adirenal bai farka ba, jini yakan yi ƙasa, zuciya ta ƙara gudu don ta cike gurbin, musamman idan mutum ya miƙe tsaye. Tare da haka akwai kasala mai nauyi, tashin zuciya, rashin sha'awar abinci, jiri, ciwon gaɓoɓi.

Akwai wani dalili da ake yawan mantawa da shi, kuma a ganina shi ya fi sauƙin gyara. Lokacin da siteroyid ya tayar maka da hawan jini ko suga, wataƙila an ƙara maka maganinsu. Yanzu siteroyid ya sauka, amma amlodipine, lisinopril, glibenclamide ko insulin suna nan yadda suke. Sai jini ya faɗi fiye da kima, ko suga ya yi ƙasa. Faɗuwar suga kuwa da bugun zuciya take farawa, da gumi, da rawar hannu, da yunwa. Mai ciwon suga da gabansa ya faɗi, ya fara tsira yatsa ya auna kafin komai. Idan ya ga ƙasa da 70 a ma'aunin miligiram, ko ƙasa da 3.9 a ma'aunin milimol, ya sha ruwan sukari ko lemon kwalba nan take, ya bi da abinci, sannan ya sanar da likita a rage masa maganin.

Ragowar dalilan a taƙaice: cutar da ake jinya ta asali ta motsa saboda ragin, jini ya yi ƙaranci saboda gyambon ciki na zuba a ɓoye, maƙoƙo mai yawan aiki, ko wata tsohuwar matsalar zuciya da ba a taɓa ganowa ba.

Yadda za ka saurari jijiyarka

Wannan aiki ne da ba ya buƙatar ko sisi. Zauna ka huta minti biyar. Juya tafin hannunka sama, ka ɗora yatsan manuni da na tsakiya na ɗaya hannun a kan tsintsiyar hannu, ta gefen babban yatsa, ka ɗan danna har ka ji bugu. Kada ka yi amfani da babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun. Duba agogo ko waya ka ƙirga na minti ɗaya cur. Ƙirgar daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu tana aiki ne kawai ga zuciyar da ke tafiya daidai.

Baligi a zaune, bugu 60 zuwa 100 a minti shi ne daidai. Amma adadin rabin labari ne, sauran rabin yana cikin tsarin bugun. Ka saurara da kyau. Idan yana tafiya a jere ba tangarɗa, sauri kawai ya ƙara, galibi zuciyar na amsa wani abu ne: zazzaɓi, ƙishi, ƙarancin jini, tsoro, ko ƙarancin kotisol. Idan yana tafiya daidai sai lokaci-lokaci ka ji gurbi, sannan bugu mai ƙarfi ya biyo, wannan shi ne bugun ƙari. Kusan kowa yana samunsa, kuma a zuciya mai lafiya ba ya cutarwa, sai dai idan ya yawaita a jikin mai shan siteroyid ya isa dalilin auna fotasiyom. Idan kuwa babu tsari ko kaɗan, wani bugun kusa, wani nesa, wani da ƙarfi, wani da ƙyar kake jin sa, har ka kasa hasashen lokacin da na gaba zai zo, to a ɗauke shi AF ne har sai ECG ya ce ba shi ba ne. Wannan a ga likita a ranar, ko da ba ka jin ciwo.

In kana da na'urar awon jini a gida, ka auna kana kwance bayan hutun minti biyar, sannan ka miƙe ka sake aunawa bayan minti ɗaya, ka kuma maimaita a minti na uku. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta faɗi da 10, jikinka na gaya maka ruwa ko kotisol bai ishe shi ba, ko maganin hawan jini ya yi yawa. Na'urorin nan kan ruɗe idan bugu ba shi da tsari, don haka a auna sau uku a duba tsakaninsu.

Sai ka samu ɗan littafi na 'yan makaranta. Kullum safe da dare ka rubuta kwanan wata, miligiram nawa ka sha, bugu nawa ka ƙirga, mai tsari ne ko marar tsari, awon jini, da abin da kake yi lokacin da abin ya taso. Likitan da layi ya cika masa ƙofa ba shi da lokacin dogon labari, amma shafi ɗaya na wannan littafi zai nuna masa ko faɗuwar gaban tana zuwa ne kwana biyu bayan kowane ragi, ko bayan shaƙar Ventolin na asma, ko bayan goro da shayin dare.

Na san a wajenmu faɗuwar gaba ba kullum ake kai ta asibiti ba. Wani zai ce tsoro ne, wani ya ce iska ce ko sammu, a nufi wajen malam. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina roƙa wa mai karatu sauƙi. Amma a yi addu'ar yatsu na kan jijiya.

Alamomin da ba a kwana da su

A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan bugun ya zo tare da ciwon ƙirji, ko haki kana zaune, ko suma, ko duhun ido kamar za ka faɗi. Haka idan bugu ya haura 120 kana hutawa ya ƙi sauka bayan kamar minti 20, ko ya yi ƙasa da 50 kana jin jiri. Haka idan baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintoci. Haka idan bayan gida ya fito baƙi ƙirin mai yauƙi.

Akwai kuma wani yanayi da nake so iyalin majinyaci su haddace alamominsa, domin shi mai shi ba ya iya bayani a lokacin: amai ba ƙaƙƙautawa, ciwon ciki, jiki ya saki, hannu da ƙafa su yi sanyi, hankali ya fara gushewa, jijiya na gudu amma da ƙyar ake jin ta. A jikin wanda ke rage siteroyid ko ya daina kwanan nan, wannan durƙushewar adirenal ce. Maganinta sananne ne kuma ba shi da tsada: allurar hydrocortisone miligiram 100 ga baligi, ta jijiya ko ta tsoka, ba tare da jiran sakamakon gwaji ba, sai ƙarin ruwa mai gishiri, a duba suga. Wanda ya rako shi ya buɗe baki tun daga ƙofa ya ce wa nas: “Yana shan prednisolone wata kaza, ana rage masa.” Idan ba a faɗa ba, abu ne mai sauƙi a ɗauka taifot ce ko maleriya, a ɓata awannin da ba za su dawo ba.

Abin da za a duba a asibiti

ECG shi ne na farko, kuma ya fi amfani idan an ɗauke shi lokacin da abin ke faruwa. Idan rikicewar na zuwa tana tafiya, akwai wata ƙaramar na'ura mai suna Holter da ake manna wa mutum ya tafi gida da ita awa 24 ko 48. Sai gwajin jini: fotasiyom, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 3.5 da 5.0, da sodiyom, da aikin ƙoda, da suga, da yawan jini, da magniziyom inda ake yin sa, da gwajin maƙoƙo. Fotasiyom ba ya yarda ya hau idan magniziyom na ƙasa, shi ya sa ake gyara su tare. Hoton zuciya na eko yana da muhimmanci a yankinmu, domin matasa da yawa, musamman mata, na ɗauke da ƙofar zuciya da ta lalace tun yarinta sakamakon ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, kuma wannan na cikin manyan masu jawo AF a Afirka. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika, da na Sakkwato da na Maiduguri suna da likitocin zuciya.

Idan an tabbatar AF ce, babban abin tsoro shi ne jini ya daskare a cikin zuciya, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. AF na ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Likita zai duba shekarunka da sauran cututtukanka ya ga ko kana buƙatar maganin tsinka jini. Ga mai ƙofar zuciya da ta tsuke, warfarin ne zaɓi, tare da gwajin INR a kai a kai, a riƙe shi tsakanin 2 da 3. Siteroyid na iya motsa wannan lamba, don haka a ƙara yawan gwajin duk lokacin da aka canza adadi. Aspirin ba ya maye gurbin waɗannan magunguna. Don rage gudun zuciya ana ba da irin su bisoprolol ko atenolol, amma mai asma ya tabbata ya faɗa, domin ɗan'uwansu propranolol na iya shaƙe shi. Su ma ba a yanke su lokaci ɗaya.

Abinci, kanwa da abin da ke cikin ledar magani

Fotasiyom yana nan a kasuwarmu da araha: wake, dankali, ayaba, lemu, tumatir, dabino, alayyafo, zogale, gyaɗa. Mai shan siteroyid da ƙodarsa ke lafiya ya yawaita su. Mai ciwon ƙoda kuwa, ko mai shan lisinopril, losartan ko spironolactone, kada ya ƙara sai an auna, domin nasa na iya yin yawa, kuma yawansa na tsayar da zuciya kamar yadda ƙarancinsa ke rikita ta. Ƙwayar fotasiyom ba abin saya a sha da ka ba ce.

Kanwa ba ta cikin sahun masu fotasiyom. Mafi yawan abin da ke cikinta sodiyom ne, ɗan'uwan gishiri, abin da siteroyid ya riga ya tara maka a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar masu jego. Matuƙar kana kan adadi mai yawa, ka rage kanwa da gishiri da dunƙulen miya. Goro, shayi mai kauri, Nescafé da lemukan ƙarin kuzari, a sassauta, musamman daga la'asar zuwa dare. Taba da giya kuwa babu sassauci a kansu.

Ledar maganinka ita ce wurin da ya fi kamata a zazzage a gaban likita. Furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, da hydrochlorothiazide suna zubar da fotasiyom, su haɗu da siteroyid su ninka ɓarnar. Salbutamol na masu asma na ƙara gudun zuciya, shi ma yana saukar da fotasiyom. Digoxin yana zama guba idan fotasiyom ya yi ƙasa. Akwai kuma magungunan da ke jinkirta lantarkin zuciya, waɗanda haɗarinsu ke ƙaruwa a jiki marar fotasiyom: erythromycin, azithromycin, ciprofloxacin, quinine, chloroquine, da maganin amai domperidone. Ba cewa nake kada a sha su ba. Maleriya dole a yi mata magani, da wuri ma. Amma wanda zai rubuta ya san halin da kake ciki. Diclofenac, ibuprofen da piroxicam, idan suka haɗu da siteroyid, suna huda ciki. In an ƙara da warfarin abin ya fi muni. Don ciwon jikin da ke zuwa da ragi, paracetamol ya wadatar. Rifampicin na masu tarin fuka, da phenytoin da carbamazepine na masu farfaɗiya, suna sa hanta ta yi saurin ƙone siteroyid, sai mutum ya shiga ƙaranci alhali yana shan adadinsa daidai. Ritonavir da ke cikin wasu magungunan ƙanjamau akasin haka yake yi.

Saukar kanta

Babu jadawali ɗaya da ya dace da kowa, cutar da ake jinya ita ke yanke saurin tafiya. Amma siffar saukar kusan ɗaya ce, kuma haka take a ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin sinadaran jiki na Turai da Amurka suka fitar tare a 2024: da sauri a sama, a hankali a ƙasa. Sama da miligiram 40 na prednisolone ana iya cire 5 zuwa 10 a mako. Tsakanin 40 da 20 a cire 5. Tsakanin 20 da 10 a cire 2.5. Ƙasa da 10 kuwa miligiram ɗaiɗai ake cirewa, wani lokaci sai bayan wata guda. Mutane da yawa suna ganin idan sun kai ƙwaya ɗaya ai an gama, sai su yi wurgi da ita. Nan ne ainihin aikin yake, domin a nan ake jiran adirenal ya karɓi ragama. Inda ƙwaya mai miligiram 1 ta yi wuyar samu, likita zai tsara maka da rabin ta 5.

A sha da safe bayan karin kumallo, a lokaci ɗaya kullum, domin ya yi daidai da lokacin da jiki ya saba fitar da nasa, ya kuma bar ka ka yi barci. Mai shan dexamethasone galibi ana mayar da shi kan prednisolone ko hydrocortisone kafin a ƙarasa, saboda dexamethasone na daɗewa a jiki har kwana biyu zuwa uku, ba ya ba adirenal sararin motsi. Inda akwai hali, ana auna kotisol tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe, awa 24 bayan ƙwayar ƙarshe. Sama da 300 a ma'aunin nanomol na nuna an farfaɗo, ƙasa da 150 na nuna da sauran jira.

Idan faɗuwar gaba ta zo bayan wani ragi, likita na iya tsayar da kai a matakin da kake na wasu makonni, ko ya mayar da kai mataki ɗaya baya, ko ya bar siteroyid yadda yake ya gyara wani abu dabam. Komawa baya mataki ɗaya bisa umarninsa ba faɗuwa ba ce, hanya ce da ake bi kullum.

Wuri ɗaya ne aka yarda ka ƙara adadi kana gida, shi ma da yarjejeniyar da kuka yi da likita tun kana lafiya: ranar rashin lafiya. Zazzaɓi na buƙatar kotisol fiye da na kullum, jikinka kuwa ba zai iya ƙarowa ba. Abin da aka saba shi ne wanda ke shan prednisolone ƙasa da miligiram 10 ya kai shi 10 a kwanakin zazzaɓin, mai shan hydrocortisone ya ninka nasa, sannan a koma kan jadawali bayan an warware. Idan ka yi amai cikin rabin awa da shan ƙwayar, ka sake sha. Idan ta sake dawowa, allura ce ta rage, a tafi asibiti. Gudawa ma haka, a fara shan ruwan gishiri da sukari tun a hanya.

Zafin Maris zuwa Mayu na ƙafar da ruwan jiki da gishirinsa, a yawaita shan ruwa. Game da azumi, a yi shawara da likita kafin wata ya kama. Wanda aka amince masa, da sahur zai sha prednisolone. Wanda yake tsakiyar ragi, jininsa na faɗuwa in ya miƙe, ko bugunsa bai daidaita ba, shari'a ta yi masa rangwame, kuma shawarata ya karɓa ya rama daga baya. Kada kuma maganin ya ƙare maka a hanya: mai tafiya fatauci, ƙauye ko aikin hajji ya ɗauki abin da zai ishe shi har da ƙarin mako biyu, a jakar hannu.

Yau ɗin nan ka samu takarda mai kauri ka rubuta sunanka, sunan maganin, adadin da kake sha, ranar da ka fara, da lambar wayar asibitinka. A ƙasa ka sa a rubuta cewa idan an kawo ka cikin mawuyacin hali a yi maka allurar hydrocortisone. Ka nuna wa matarka, ko mijinki, ko babban ɗanka inda take, ka riƙa yawo da ita a aljihu. Ka ci gaba da nuna ta ga duk wanda zai yi maka tiyata, cire haƙori ko karɓar haihuwa, har shekara guda bayan ka sha ƙwayar ƙarshe.